Shekarar da Ganye Ya Zuba da Wuri

Itacen da mai amalanke ya sauke mana a ƙofar gida makon jiya, saiwa ce. Na fito da sandata ina juya shi, ba reshe ko ɗaya, duk saiwoyi ne da ƙasa a jikinsu, an tono an faskara. Na ce masa, "Malam, itace na ce a kawo mini ko magani?" Ya yi dariya ya ce, "Hajja, wallahi wannan ma da ƙyar aka samo. Na sama ya ƙare, na ƙasa ake tonowa yanzu." Ya tura amalankensa ya tafi, ni kuwa na kasa komawa ciki, na zauna a dakali har rana ta iso ni. Na tsufa a unguwar nan ta Abbaganaram da ke Maiduguri ina sayar da itace, ina bambance kirya da marke da bagaruwa daga hayaƙinsu kawai, amma ban taɓa zaton zan ga ranar da za a bi bishiya har ƙarƙashin ƙasa ba. Tun ranar nake ta tuna dajinmu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dakwarar Kaka.

Ƙauyenmu yana can gaba da Khaddamari, a bakin daji, 'yan gidaje ne da ba su kai a kira su gari ba. Yaran yanzu in na ce musu daji sai su ɗauka fili nake nufi, irin wanda suke hangowa ta tagar mota. Namu dajin kuwa, in saniya ta shige shi sai dai a bi kukanta. Da sassafe kurciya ce ke fara magana, zabin daji su karɓa, sai taɓaryar gidan da ya riga kowa tashi, kafin ka ankara duk ƙauyen ya ɗauki daka. Mu 'yan mata aikinmu ba ya ƙarewa: mu ɗebo ruwa a rijiya, mu tsinko kuka da tafasa, mu kakkaɓo aduwa da magarya, mu kai wa masu gona fura. Itacen girki ba a fita nemansa, a hanyar dawowa ake tsintar wanda iska ta karya, kuma yarinyar da aka gani da ɗanyen reshe a ka sai ta sha faɗa a gida uku kafin ta kai nasu. Ba zan yi ƙarya in ce cikin aljanna muke ba. Akwai sauro, akwai kunama, akwai zazzaɓin da ke ɗauke jarirai, kuma ƙafafuna har yau suna ɗauke da tabon ƙaya. Amma damina tana zuwa lokacin da ake jiranta, ta tafi lokacin da aka san za ta tafi, mutum yana iya ɗora rayuwarsa a kan haka.

Wanda ya tashi a birni ya san ƙaro a hannun masu wankin hula da masu haɗa tawada, bai san uwarsa ba. Dakwara ce uwarsa, mu da Kanuri kolkol muke ce mata. Gajeriyar bishiya ce marar kwarjini, ba ta da inuwar da baƙo zai zauna, ga ƙaya uku-uku a kowace gaɓa, biyu na kallon sama ɗaya ta lanƙwasa ƙasa, in ta kama zaninki sai kin lallashe ta. Kaka, mahaifiyar babana, tana da tata dakwarar a wata jigawa, in kin tashi bayan karin kumallo kafin hantsi kin isa. Ba ita ta shuka ba, ba wanda ya shuka, Allah ne Ya tsirar, amma kowa ya san ta wane daga ina zuwa ina take, kuma ban taɓa jin an yi rigima a kai ba. Gero shi ne abincinmu. Ƙaro kuma shi ne sutura da gishiri da kanwa da kayan ɗakin 'yan mata, kuma in gero ya gaza, shi ake kaiwa kasuwa a dawo da hatsi. Shi ya sa Kaka take cewa rumbu biyu gare mu, ɗaya a tsakar gida ɗaya a jigawa, kuma na jigawar ya fi, tunda ɓera ba ya shigarsa.

Tsagar dakwara aikin maza ne, mata tsinta suke yi. To, Baba bai samu namiji da wuri ba, mu huɗu ne mata a jere, ni ce babba, sai Kaka ta ce ita ba za ta zauna jiran wanda ba a haifa ba. Ta sa maƙeri ya ƙera mini ɗan gatari daidai hannuna. Mutanen ƙauye suka yi ta tsokanata, wai duk wanda ya aure ni sai ya ɓoye gatarin gidansa, ni kuwa ban damu ba, don bakina ma ba a rufe yake ba. Koyarwar Kaka ba ta da yawa, amma ba ta yafe kuskure. Ba a sa ƙarfe a jikin dakwara sai damina ta ɗauke, ganyenta ya yi rawaya ya zuba da kansa, sanyin safe ya fara shigowa. A reshe ake tsagawa, ba a taɓa gindi. Za ki ɗan sari ɓawon, ki kama da yatsu ki ja sama, ya ɓaro siriri, faɗin yatsu biyu, kuma kada ƙarfe ya taɓa farin itacen da ke ciki. Reshen da aka tsaga bana, baɗi hutawa yake yi. In hannuna ya yi nauyi na zurfafa sara, sai ta mintsine ni a damtse ta ce, "Kin ji zafi? To ita ma ta ji."

Daga nan sai jira, kwana arba'in cur, kamar na mai jego. Ranar komawa ita ce ranar da na fi so a duk shekara. Za mu isa rana tana ɗagowa, mu tarar da ƙaro ya dunƙule a bakin kowace tsaga, wani kamar ƙwan kurciya, wani ya kai na zabuwa, haske yana ratsa shi. Mu cire da hannu mu jefa a ƙwarya, yana ƙara kamar tsakuwa. Ƙannena kuwa rabin aikinsu a baki yake ƙarewa, shi ya sa Kaka take cewa duk yarinyar da ta yi shiru a jigawa ɓarauniya ce, ƙaro ne ya liƙe mata haƙora. Haka za mu yi ta komawa bayan kowane mako biyu har zafin bazara ya kore mu.

Ina 'yar budurwa shekarar nan ta zo. Ruwa ya makara, da ya zo muka shuka, ya ɗauke, shuka ta mutu, muka sake. Na biyun ya tashi har gero ya yi ciki, sai sama ta washe. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas ya yi baƙi, mu kwashe shanya muna murna, iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da kallo. Maza suka fita roƙon ruwa da riguna a juye, sau uku, ba a samu ko yayyafi ba. Gero ya bushe a tsaye. Firgi, baƙar lakar nan da muke dasa masakwa, dawar rani, a kanta in ruwa ya janye, ko jiƙewa ba ta yi ba, balle ta riƙe dashe. Mata suka fara tonon gidan tururuwa suna kwashe tsabar ciyawar da ta tara, a sheƙe a dama wa yara. Autarmu, wadda da ba a iya tsare ta wuri ɗaya, ta koma zama a gindin rumbu tana kallon mutane da manyan idanu. Ana cikin haka, a watan da ya kamata a ce ruwa yana tsaka da zuba, sai dakwara ta zubar da ganyenta.

Baba ne ya dawo daga jigawa da hantsi, ya durƙusa gaban Kaka ya zube mata ganyen da ya cika hannunsa da shi. "Ya," ya ce, don da Kanuri haka muke kiran uwa, "ganye ya zuba."

Kaka ta ɗauka ta murza, ta kai hanci. Ta ce, "Wannan ba zuba ya yi ba, ƙonewa ya yi."

"Ke kika koya mana, in ganye ya zuba a sa gatari," in ji Baba. "Kuma kowa ya san dakwara sai ta ji ƙishi take ba da ƙaro. Bana ta ji ƙishin da ba ta taɓa ji ba. Wa ya sani ko a nan Allah Ya ajiye mana abincinmu?"

Ta ce, "Ƙaron da kake tsinta da rani, ruwan damina ne ta ɓoye take ba ka. Bana me ta sha da za ta ɓoye? In ka tsage ta, jininta za ta ba ka."

Baba ya kalli rumbu, ya kalli auta, sannan ya ce a hankali, "To Ya, me zan ba su?"

Washegari Kaka ta ce in raka ta jigawa. Ta karya ɗan tsinke ta tauna, ta tofar, ta matsa gaba ta sake karya wani. Muka dawo gida. Da ta zauna ta sha ruwa sai ta kira Baba ta ce, "Reshe ɗaya a kowace bishiya. Ƙananan a bar su."

Muka tsaga reshe ɗaya-ɗaya kamar yadda ta ce. Ko kwana arba'in ba a cika ba ƙaro ya ɓarke, irin wanda ban taɓa gani ba, yana gangarowa a jikin reshe yana daskarewa, har ƙasa muke tsinta. Baba ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Mutane suka zo kallo, duk mai dakwara ya koma gida ya wasa gatarinsa. Aka kai kasuwa aka dawo da dawar da manyan motoci ke kawowa daga kudu, muka ci tuwo har auta ta fara rarumar kaji tana gudu. A bakin rijiya aka fara cewa tsohuwa ta tsufa, saninta na zamanin da ne, kuma Allah Ya yafe mini, har da bakina a masu faɗa. Ina ganin kaina wata tsiya, ni ce yarinyar da gatarinta ya ciyar da gida.

Sai dai hatsin bai daɗe ba, don Kaka ba ta yarda a rufe ƙofa ana tuƙa tuwo, maƙwabtan da ba su da dakwara duk a tukunyarmu suke. Da buhu ya kwanta Baba ya ce mu koma. Muka tsaga reshe na biyu, muka tsaga na uku, da rassa suka ƙare muka sauka gindi, daga ƙarshe har ƙananan da aka ce a bari. Hannuna ne ya yi yawancin aikin, don na fi Baba sauri. Kuma na san abin da nake yi, ba zan laɓe bayan ƙuruciya ba. Ɓawon ya daina ɓarowa siriri, sai dai ya marmashe, dole in ƙara sara, ƙarfe yana shiga farin itace ina ji a damtsena, kuma ba wanda ya mintsine ni, don Kaka ta daina zuwa jigawa. Ba ta hana ba, ba ta kuma ce a yi ba, in an kawo tuwo takan ci loma biyu ta tura wa yara. Ƙaron ya fara yin ja, ya koma baƙi-baƙi ƙanana, daga nan ya tsaya. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mu namu takobin muka kama, kuma ya fitar da mu, don ba a binne kowa a gidanmu a shekarar ba. Autar nan tana nan da ranta, da jikokinta, ta fi ni ƙiba.

Da damina ta zagayo an samu ruwa daidai gwargwado, daji ya yi kore, jigawar Kaka kuwa tana nan fururu. A da dakwara takan riga kowa fitar da ganye, ta yi farin fure, ƙudan zuma su cika wurin har sai kin ɗaga murya ake jin ki. A shekarar shiru kawai. Kaka ta ce in kai ta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kankarar ɓawo da farce tana neman kore, ta samu a 'yan kaɗan da ba su kai yatsun hannu ba. Ni kuwa na tsaya ina kuka, ina jiran faɗa, wallahi da ta zage ni ko ta mare ni da na fi jin sauƙi. Sai ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni gatarin." Ta sassare busassun rassa da kanta, ta ɗaure da igiyar kaba, ta ɗora mini a ka. Ta ce, "Kukan me kike yi? Ɗauki mu tafi, ko ba komai ta dafa mana tuwo." Wannan ne itacen dakwara na farko da aka hura a murhunmu, kuma ni ce na hura shi.

Na yi shekaru ina juya abin nan a raina, ko da mun bi maganar Kaka da dakwarar ta rayu. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya bi ta. Ya ƙi sa gatari, ya sayar da awakinsa, ya sayar da jaki, ya rarraba 'ya'yansa gidajen dangi, ya rame har ba a gane shi. Dakwararsa ta yi ganye a daminar da tamu ta ƙi, har muna sunkuyar da kai in mun wuce ta wurin. To, damina biyu da suka biyo baya suka sake yin rowa, rabin bishiyoyin suka bushe da kansu ba wanda ya taɓa su, sauran kuma masu gawayi suka sare lokacin da ya tafi neman abinci wani gari. An ce da na sani ƙeya ce, a baya take, amma ni ko ita ban samu cikakkiya ba. Duk hanyar da na bi da tunanina, tamu ko tasa, wuri ɗaya take kai ni. Wannan ne ya fi ci mini rai, don mai laifi yana iya tuba ya huta, ni kuwa ban san ko laifi na yi ba.

Daga nan abubuwa suka yi ta gangarowa. Motocin itace suka fara zuwa daga Maiduguri, muka sayar musu da busasshe. Da busasshe ya ƙare mutane suka koyi wata dabara, a zagaye gindin ɗanyar bishiya da sara a bar ta wata biyu, in ta mutu a ce ai busasshiya aka tarar. Mutanen da ke yi wa yarinya faɗa a kan reshe ɗaya su ne da wannan aikin, kuma ba wanda ya iya kallon wani ya yi magana. Muka canza iri zuwa gero mai saurin nuna, aka ƙara wa rijiya zurfi, aka sake ƙarawa, igiyar guga tana tsawo shekara bayan shekara. Kaka ta rasu a ƙauye, Allah Ya ji ƙanta, ba ta ga tashinmu ba. Na yi aure, maigidana ya ga noma ya daina riƙe gida ya kawo mu birni, na rasa sana'ar da na iya sai ta itace, na kafa a ƙofar gida. Waɗanda suka daure suka zauna, shekarun tashin hankali suka koro su, suka zo suka same mu ko tabarma ba su ɗauko ba. Yanzu ga mu duka a birni, zafi yana gasa mu har a inuwa, ruwa kuma in ya ga dama ya ƙi zuwa wata guda, in ya tashi zuwa ya zubo na wata guda a yini ɗaya ya shigo mana ɗaki. Icen dogon yaron da ke bakin titunanmu ma an yi masa aski har ya koma sanda. Babban ɗana yana wankin hula a Hausari, kullum yana mita wai ƙaro ya yi wuya, daga nesa ake kawowa. In ya fara sai in ce ya rufe mini baki, ba ni zai ba labarin ƙaro ba.

Bara Bulama, mai unguwarmu, ya aiko a ce tsofaffin da suka taso daga ƙauyukan bakin daji su taru a ƙofar gidansa, wai wasu ma'aikata suna son jin yadda muka yi da canjin damina. Wadda ta zauna gabana yarinya ce mai tabarau, da wata faffaɗar waya a hannu. Ta ce mini "Wushe, Hajja" da Kanurinta na koyo, sannan ta koma Hausa ta karanto tambaya: waɗanne dabaru muka bi wajen jure sauyin yanayi?

Na ce, "'Yata, dajin muka ci. Da ya ƙare muka biyo shi birni."

Ta duba wayar ta ce, "Hajja, babu wannan a jerin. Akwai canza iri, akwai noman rani, akwai sana'ar hannu, akwai ƙaura."

Na ce, "To danna duka. Duk mun yi, ga mu nan kina gani."

Na ɗauka shi ke nan, irinsu suna zuwa su yi tambaya su tafi. Sai ga ta bayan kwana biyu har gida, ta cire takalmi ta zauna a tabarma kamar 'yar mutunci. Ta ce suna da dashen dakwara a leda, suna so su kai inda dakwara ta taɓa tsirowa da kanta, don ƙasar da ta taɓa riƙe ta ita ce za ta sake karɓarta, in aka kai wurin da ba nata ba asara za a yi. Ta ce sun yi cigiya, duk manyan da suka san jigawar ƙauyenmu sun rasu, an ce saura ni. Raina ya yi fari irin yadda ya daɗe bai yi ba. Na bugi ƙirji na ce ko an ɗaure mini ido sai na kai su.

Muka tashi da safe a motarsu, ni da ita da direba da ɗana, bayan sun nemi izinin masu tsaron hanya, aka ce lallai mu dawo kafin la'asar. Muka wuce Khaddamari, muka bar kwalta, muka yi ta tafiya a fili har direba ya tsaya ya ce bisa ga wayarsa nan ne wajen ƙauyenmu. Na sauko na duba. Ba bango, ba danga, ba bakin rijiya, sai yashi da tumfafiya har iyakar gani. Na ce ba komai, hanyar jigawa tana kaina: daga bayan gari a nufi tsamiya mai rassa biyu, a karya dama a wajen aduwa uku, a wuce kukar da ake rataya amya, da an gangara an iso. Ina cikin faɗa musu sai na ji muryata tana raguwa, don duk abin da na lissafa bishiya ne. Ashe duk tsawon shekarun nan ban taɓa sanin ƙasar ba, bishiyoyin na sani. Na yi gabas da sandata, na dawo na yi arewa. Na durƙusa na ɗebi ƙasa na murza ko zan gane jigawa, to yashi ya rufe ko'ina, firgi da jigawa duk sun zama abu ɗaya a ido. Na nemi ko kututture ɗaya da zan kama in fara lissafi daga kansa, ban samu ba.

Rana ta take tsaka, direba sai duba agogo yake yi. Yarinyar tana bina a baya da wayarta da gorar ruwa, ba ta matsa mini ba, sai can ta ce, "Hajja, ko mun iso?" Na kalli fuskarta, ta riga ta sa rai, ga kunyar bugun ƙirjin da na yi. Na ɗaga sanda na nuna wani ɗan tudu na ce nan ne. Ta yi hamdala, ta danna wayarta ta adana wurin, ta ce da ruwan farko za su kawo dashen duka, kuma duk wanda ya tsinci ƙaro a nan gaba ladan yana wuyana.

A mota muna dawowa ɗana ya matso kusa da kunnena, ya tambaye ni da Kanuri don kada su ji, "Ya, da gaske nan ne?" Na ce masa rana ta dake ni, ya bar ni in huta.

An ce mini sun kai dashen da ruwan farko kamar yadda ta yi alkawari. Ban tambayi ko ya kama ba, kuma na hana ɗana ya tambaya.